Rahoton da Ya Cinye Lambun Yara

A farkon shekarun dubu biyu aka ɗauke ni aiki a ƙaramar hukumarmu, ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba. Koyarwa na nema, aka ce babu gurbi, sai aka tura ni wani sashe da ban taɓa sanin akwai shi ba, sashen wasanni da shaƙatawa. Mahaifina, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin taɓon shinkafa, da na kai masa labari sai ya dube ni ya ce, "Wato gwamnati za ta ajiye ƙato kamarka don ya yi wasa?" Ya yi dariya har da tari. Ban ji haushi ba, domin ni ma abin da ke raina ke nan.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda, jikin ɗakin ajiye taki, saboda haka kullum idonmu na yaji. Teburi biyu ne a ciki, da tafireta, da kabad cike da tsofaffin rigunan ƙwallo da ɓera ya yi wa ado. Shugaban sashen daga birni yake zuwa, sau biyu ko uku a mako. Mutum ne mai sanyin magana, ba mugu ba, sai dai kana ganinsa ka ga wanda ya gaji. Aikinmu bai da yawa: gasar ƙwallo tsakanin ƙauyuka bayan girbi, kokawa da langa da sallah, sai kuma kula da lambun yara.

Lambun yana bakin gari, tsakanin titi da babban kanal da ke kai ruwa gonakin rani. Tun kafin zuwana aka yi shi, saboda iyaye sun dami hukuma da kukan cewa yara ba su da wurin zuwa sai wanka a kanal. Akwai lilo huɗu a ciki, da abin zamiya na siminti, da wani ƙarfe mai juyawa da yara suka sa wa suna jirgi, da bencuna. Sauran duk itatuwa ne, darbejiya da mangwaro da gwaba da itacen turare, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ba hannun Baffa ne ya dasa shi ba.

Baffa shi ne leburan lambun. Dogon dattijo ne Bafulatani daga wata ruga ta wajen Bunkure. Ciwo ya shiga garkensa wata shekara, abin da ya rage ya sayar, ya shigo gari neman abin yi. Kowa Baffa yake ce masa, har manyan sakatariya. Ni kuwa Malam yake ce mini, duk da ni sa'an ɗansa na uku ne. Da garwa biyu a sanda yake ɗebo ruwa daga kanal, ya hau gangaren nan ya sauka tun hantsi har azahar. Kowane ƙaramin dashe ya kewaye shi da ƙaya. Idan shanun danginsa suka biyo gefen kanal za su wuce, sai ya fito ya tsaya da sandarsa, su yi ta gaisawa da makiyayan da Fulatanci, ana raha, amma ko akuya ba ya bari ta leƙa.

Ranar Alhamis da Juma'a da yamma, da yake babu Islamiyya, sai ka rasa wurin sa ƙafa. Yara maza na layin lilo suna faɗa, 'yan mata na gaɗa a gindin mangwaro, tsofaffi sun haƙa gidajen dara a inuwar darbejiya, masu awara da ƙosai sun jeru a bakin ƙofa. Da rana kuma 'yan ƙwadagon tsinkar tumatir kan shigo su miƙe a kan bencuna. A nan na fara son aikin nan ba tare da na lura ba. Nakan bar ofis da warin takinsa in je in zauna wurin Baffa, yana fere sanda, ni ina raba rigimar wa ya riga wa hawa jirgi.

Ƙarshen kowace shekara sashenmu kan miƙa rahoton abin da ya yi. A shekarata ta farko ni aka ba rubutawa. Na zauna na rubuta abin da na gani, shafi ɗaya da rabi, na kai wa shugaba ina jin daɗi. Ya karanta, ya cire tabarau, ya jawo wani tsohon fayil ya tura mini.

"Malam, rahoto ba labari ba ne," in ji shi. "Nasarori ake so. Duba na bara, ka bi sahunsa."

Na duba na bara, na duba na bara waccan. Magana ɗaya ce. An gudanar da gasa cikin nasara. An gyara kayan wasa. An dasa sababbin itatuwa. Jama'a sun nuna farin cikinsu. Har hoton da ake liƙawa ɗaya ne, wasu yara uku a kan lilo, waɗanda a lokacin ɗaya daga cikinsu har ya fara acaɓa. Na bi sahu kamar yadda aka ce. Haka na yi a shekara ta biyu da ta uku da ta huɗu, har ya zama ba na ma buɗe tsohon fayil, na haddace.

A cikin waɗannan shekaru abin da ke takarda da abin da ke ƙasa suka raba hanya. Gasar ƙwallo ta tsaya tun shekarar da aka kai wasan ƙarshe babu kofin da za a bayar. Wayar da ta kewaye lambu aka yi ta warwara da kaɗan kaɗan har ta ƙare. Simintin zamiya ya tsage, yana yaga wandunan yara. Jirgi ya karkace ya daina juyawa. Sarƙoƙin lilo suka tsinke ɗaya bayan ɗaya, Baffa yana maye gurbinsu da igiyar da yake tufkawa da kansa. Na rubuta takardun neman gyara ban san adadi ba, kowacce ta shiga fayil ta kwanta. Amma itatuwa na ta girma, yara kuma ba su daina zuwa ba.

Wata Alhamis da la'asar igiyar lilo ta tsinke da wata yarinya 'yar shekara bakwai tana can sama. Ina wurin. Ƙarar faɗuwarta har yau tana kunnena. Hannunta ya karye a ƙasan gwiwa. Baffa ne ya sungume ta ya yi gidan mai ɗori da gudu, ni ina binsa da takalmanta a hannu. Uban yarinyar ya same mu a can, ya zazzaga wa Baffa maganganu a gaban mutane, ya ce tsoho da shi yana ɗana wa 'ya'yan mutane tarko. Baffa bai ce komai ba sai, "Ka yi haƙuri, laifina ne."

A hanyar komawa ya tsaya a kan gadar kanal ya ce, "Malam, kai ne mai rubutu. Ni ban san abin da kuke aika musu ba. Amma ka rubuta musu yadda abin yake. In sun sani, za su gyara."

Kunya ta kama ni, domin na san abin da nake aika musu.

Aka yi dace, ko in ce aka yi rashin dace, a ƙarshen shekarar nan shugabanmu ya tafi kwas na wata uku a Zariya, ya bar mini sashen. Na ce a raina wannan karon gaskiya zan rubuta, kuma zan rubuta ta yadda duk wanda ya karanta sai ta hana shi sukuni. Na ɗauko mai hoto muka je lambu da hantsi, lokacin da yara ke makaranta. Ya ɗauki lilo da guntun igiya na reto, ya ɗauki tsagar siminti, ya ɗauki jirgi a karkace. Wata mata ta shigo da 'ya'yanta biyu, na ce wa mai hoto ya dakata sai sun fita. Ina so wurin ya fito fayau, abin tausayi. A cikin rubutun na ce lambun ya zama kango, kayan cikinsa sun zama haɗari ga rayukan yara, na ba da labarin yarinyar nan ba tare da na rage komai ba. Ban yarda da tafiretarmu ba, sai da na hau mota zuwa birni aka buga mini a kwamfuta, aka yi masa bango mai kyau. A shafin ƙarshe na jera abin da ake bukata: sarƙoƙi, buhunan siminti, mai walda na kwana biyu, da waya.

Na miƙa. Aka yi makonni shiru. Sannan wata rana aka ce wani babba a sakatariya yana nemana. Na shiga na durƙusa na gaishe shi. Rahotona na kan teburinsa.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Madalla. Tun da nake a nan ba a taɓa kawo mini rahoto mai gaskiya irinsa ba. Da haka ma'aikata suke, da an ci gaba. Za a duba lamarin."

Daga ofishinsa ban zarce ko'ina ba sai lambu. Na tarar da Baffa yana sauke garwa, na ce masa an karanta, an yaba, an ce za a duba. Ya ajiye sanda ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Ya shiga cikin gwaba ya tsinko mini cike da hularsa ya ce in kai wa iyali. A ranar har lissafin inda za a kafa sabon lilo muka yi, ya ce a matsar da shi daga gindin turare saboda saiwoyi.

Lokacin kakar tumatir ne, sa'ad da kwanduna ke jere a bakin titi tun daga Kura, manyan motoci na lodi, ƙasa duk ta yi ja da wanda ya ruɓe. A cikin wannan hada-hadar wasu mutum uku suka shigo lambu da igiyar awo da turaku. Baffa ya ɗauka masu gyara ne, har ya riƙe musu bakin igiya. Sai da yamma ya zo ofis, karo na farko da na taɓa ganinsa a barandarmu, ya ce, "Malam, waɗannan mutanen har cikin mangwaro suka kafa turke. Wane irin gyara ne wannan?"

Washegari takarda ta iso teburina. An rubuta cewa bisa ga rahoton sashen wasanni da shaƙatawa, wanda ya tabbatar da cewa lambun ya zama kango kuma haɗari ne ga yara, an yanke shawarar mayar da filin wurin lodin tumatir da rumfunan kasuwa, za a kuma nemi wani wuri a yi sabon lambu nan gaba. Kalmomina ne aka kwafo, ko waƙafi ba a canza ba. Na karanta sau uku.

Shugabanmu ya dawo a makon. Ya karanta rahoton, ya karanta takardar. Na yi tsammanin faɗa zai yi, amma da ƙaramar murya ya yi magana.

"Shekara da shekaru ina rubuta ƙarya, kana tsammani don wa nake yi? Filin nan a bakin titi yake, ga ruwa kusa. Tun kafin ka zo ake zawarcinsa. Duk wanda ya zo, sai a buɗe fayil a ga lambu na aiki, jama'a na farin ciki, sai ya rasa ta inda zai shiga. Yanzu ka buɗe musu ƙofa da hannunka."

Na ce, "Yallaɓai, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

Ya ce, "Ban ɗauka akwai ranar da za ka yi zuciya ba."

Ban zauna ba. Na rubuta wata takarda ina bayanin cewa gyara na nema, ba rushewa ba, aka karɓa aka buga mata hatimi, shi ke nan. Na koma wurin babban nan, aka ce yana taro, na koma, aka ce ya yi tafiya. Na je wurin mai gari, ya saurare ni da kyau, ya ce abin da hukuma ta yanke ba shi da ta cewa, kuma gaskiya mutanensa na bukatar wurin lodi. Na bi tsofaffin da ke dara a lambun ɗaya bayan ɗaya ko za su haɗu su yi magana. Wani ya ce Allah ya kyauta, wani ya ce ɗansa ya riga ya sa suna a masu neman rumfa. Abin da ya fi karya mini gwiwa shi ne mahaifina. Na zauna ina kai masa kuka, sai ya ce, "Kai, ka san kwando nawa ke lalacewa a rana a bakin titin nan don babu inuwa babu wurin tsayawar mota? Wasa da abinci, wanne ne gaba?" Ba mugunta ce ta sa su ba, kowa da abin da ke cinsa.

Wata safiya aka zo saran itatuwan, da injin yanka guda biyu. Darbejiyar bakin ƙofa aka fara kayarwa. Mangwaro kuwa a lokacin ya yi fure, da ya faɗi sai ƙudan zuma suka tashi, masu yankan suka watse suna dariya. Yara sun taru a kan gefen kanal suna kallo, wasu na murna saboda ƙarar inji. Baffa na tsaye a gefe da hannuwa a baya. Can sai mai kula da aikin ya hango shi ya ce, "Baba, ba kai ne leburan nan ba? Zo ka kama mana lodi." Na buɗe baki zan yi magana, Baffa ya girgiza mini kai. Ya naɗe hannun riga ya shiga ɗaukar gungume yana jefawa a mota. Har azahar yana yi. Ni na kasa tsayawa, na kuma kasa tafiya, na zauna a kan tsagaggen simintin zamiya har aka zo aka ce in tashi za a fasa.

Kafin damina an kafa rumfuna. Yara suka koma kanal da wankansu, ni kuma na canza hanyar zuwa aiki don kada in riƙa bi ta wurin. Sabon lambun da aka ce za a yi, ko filinsa ba a nuna ba.

Aka mayar da Baffa sharar harabar sakatariya. Nakan hango shi ta taga yana jan tsintsiya, ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Muna gaisawa, amma na daina iya haɗa ido da shi. Bai cika wata biyu ba ya daina zuwa. Bai yi sallama da kowa ba, sai tsintsiyar aka gani a jingine a bakin ofishinmu.

Na yi wata da watanni ina cewa gobe zan je. Sai bayan girbin shinkafa na daure na hau babur na bi ta gefen kanal ina tambaya har na sami rugarsu. Na same shi kwance a kan tabarma a inuwar bukka, ƙafafunsa sun kumbura. Ya yi murna da ganina, ya sa aka kawo mini nono. Muka gaisa, muka taɓa zancen damina da na shanu. Sannan na ce na zo neman gafara ne, don rubutuna ne ya jawo abin da ya faru.

Ya ce, "Na ji ana faɗa. Takardar tana wurinka?"

Tana cikin jakata, domin tun lokacin ban rabu da kwafinta ba.

"Karanta mini. Ban taɓa jin abin da ke ciki ba."

Na buɗe na shiga karantawa ina mayar masa da Hausa, layi bayan layi. Ya rufe ido yana saurare. Da na zo wurin sarƙoƙi ya gyaɗa kai. Da na zo wurin yarinyar ya ce, "Haka aka yi." Na nuna masa hotunan, ya riƙe kowanne ya daɗe yana dubawa, ya kai shi kusa da ido ya dawo da shi. Da na gama ya dube ni.

"Babu ƙarya a ciki, Malam," ya ce. "Duk abin da ka faɗa haka yake." Ya numfasa. "Amma ban ji inda ka ce yara suna zuwa ba. Ko ka tsallake wurin?"

Na ce ban tsallake ba. Ban rubuta ba.

"Itatuwan fa?"

"Su ma ban rubuta ba, Baffa."

"To," ya ce. Ya miƙo mini hotunan. "To. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

Bai ƙara tayar da maganar ba. Ya tambayi mahaifina, ya tambayi maigidanmu na ofis, ya ce in gaishe su. Da zan tafi ya yunƙura zai raka ni, ya kasa, ya ce in yi haƙuri. Na ce zan dawo in kai shi asibiti, ya ce sai na zo.

Ban koma da wuri ba. Aiki ba shi ne ya hana ni ba, don sashenmu a lokacin ba shi da abin yi sai zaman ofis. Tsoron tambayar nan tasa nake yi, kada ya sake yi mini irinta. Ina cikin wannan jan ƙafa wata mai tallan nono ta tsaya a barandarmu, na tambaye ta jikin Baffa, ta ce ai yau kwanansa tara da rasuwa.

Na je ta'aziyya washegari. Zaman makoki ya riga ya tashi, sai babban ɗansa na tarar yana ɗaure maruƙa. Ya shimfiɗa mini tabarma, na yi addu'a, muka shafa. Ya dube ni da kyau, ya ce bai gane ni ba, daga ina?

Na ce, "Tare muka yi aiki da shi a gari."

"Allah sarki," ya ce. "Ai bai cika ba mu labarin aikin nan ba. Wane irin aiki yake yi muku ne?"

Na fara ba shi amsa, muryata ta ƙi fita. Ya jira ni kaɗan, da ya ga ban ce komai ba sai ya yi mini godiya, ya koma wurin maruƙansa.